Tambaya da Amsa: Aiki ya koma saba ta biyu, kwamfutoci sun kasa kama rumbun bayanai

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishin adashi da lamuni a Gusau. Muna da saba biyu, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su, a gungu (cluster) ɗaya kan Windows Server, suna ɗauke da SQL Server, manhajar rumbun bayananmu: in ta farko ta faɗi, ta biyu ta karɓa. Amma duk ranar da aiki ya koma ta biyu, sai kwamfutocin masu karɓar kuɗi su riƙa nuna kuskure mai lamba 26, wani lokaci 40, alhali Failover Cluster Manager, manhajar kula da gungun, na nuna komai lafiya. Ina gizo ke saƙar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ta farko na aiki, laifin ba na rumbun ba ne. Akwai abin da aka saita a ta farko aka manta a ta biyu.

Lamba 26 na nufin kwamfutar ta tambayi SQL Server Browser, ta ƙofar UDP 1434 (ƙofa ita ce port, lambar da ake bi a isa ga manhaja a netwok), ko a wace ƙofa rumbun yake saurare, ba ta sami amsa ba. Ita 40 tana yawan ɓatar da mutane, don saƙonta kan ambaci Named Pipes, wata hanyar haɗuwa da rumbun ban da TCP. Sau da yawa TCP ne ya fara gazawa, kwamfutar ta gwada Named Pipes ta ƙofar 445, shi ma ya ƙi, sai ta kawo maka labarin na ƙarshen.

Ka mayar da aiki kan ta biyu bayan an tashi daga ofis. Buɗe ERRORLOG, fayil ɗin da SQL Server ke rubuta abin da ke faruwa, nemi layin "Server is listening on", ka rubuta lambar ƙofar. Daga kwamfutar mai karɓar kuɗi, a PowerShell, buga Test-NetConnection da sunan gungun, sannan -Port da lambar. Kada ka dogara da ping, ba ya gwada ƙofa. In gwajin ya faɗi, duba fayawol ɗin saba ta biyu, wato katangar da ke buɗe ko toshe ƙofofi, domin gungu ba ya kwafar dokokin fayawol daga wannan saba zuwa waccan. Ka kuma tabbata manhajar tana kiran sunan gungun ne, ba sunan saba ta farko ba.

Magani mai ɗorewa shi ne tsayar da ƙofa guda. A SQL Server Configuration Manager, ƙarƙashin IPAll, share abin da ke TCP Dynamic Ports, ka sa 1433 a TCP Port, ka buɗe ta a fayawol ɗin saba biyun. Sai a nan ka yi hattara: ka yi gyaran a sabar da ke riƙe da aiki, SQL Server yana kunne. Gungu yana ajiye nasa kwafin saitin, in ka gyara SQL Server yana kashe, da ya tashi gungun zai maido da tsohon, aikinka ya zama na baban giwa. Bayan gyara, ka kashe SQL Server ka sake kunna shi ta cikin Failover Cluster Manager.

TAMBAYA: Malam, mu a Birnin Kebbi duk lokacin da wuta ta ɗauke aka juya janareta, rumbun sai ya tsaya, alhali sabobin suna kan UPS.

AMSA: Suwic ɗin fa, na'urar da ke haɗa wayoyin netwok, yana kan UPS? Sabobin suna aika wa juna saƙon "ina nan" kowace daƙiƙa ta ƙofar UDP 3343. A Windows Server 2016, in saƙo 10 suka ɓace a jere, kowace sai ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, kuma yawancin suwic na ofis ba sa gama tashi cikin daƙiƙa 10. In shaidan gungun, wato faifai ko babban fayil da ke raba gardama, shi ma ta suwic ɗin ake isa gare shi, babu mai rinjaye, sai duka su tsaya. Ka ɗora suwic ɗin kan UPS, ka gwada batirin da lodi, sannan ka ja waya ta biyu kai tsaye tsakanin sabobin ta wani katin netwok daban. Ban ba ka shawarar ƙara lambar SameSubnetThreshold, wato adadin saƙon da za a jira ya ɓace, ba tukuna, domin ranar da saba ta mutu da gaske, ta biyu za ta yi jinkirin karɓa.