Amsa ga malamin da ɗalibai ke tsokana a kan ƙwallo

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayarka: 'yan ajinka na SS2 suna tsokanarka duk ranar Litinin idan an doke Manchester United, kai ma kana ramawa, har wani babban malami ya ja ka gefe ya ce raini kake saya wa kanka. Kana so ka ji ko ka daina. Na daɗe ina riƙe da alli a sakandare, kuma shawarata ita ce kada ka daina, amma ka lura da abin da ake yin wasan a kansa.

Wanda ya ja kunnenka ba ƙarya ya yi ba, tun muna yara muke jin "ido wa ka raina, wanda nake gani kullum". Sai dai wasa tsakanin babba da ƙarami ba baƙo ba ne a wurinmu. Jika na tsokanar kakarsa, taubasai na yi wa juna, ga Bafulatani da Babarbare, ga Bakano da Bazazzagi. A Nijar ma UNESCO ta sa wasan barkwancin dangi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Abin da ya riƙe duk wannan wasa shi ne wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma ba a fushi.

A nan aji ya bambanta. Maki na hannunka, rajista na hannunka, kai ke da ikon fitar da yaro waje. Shi ba shi da ko ɗaya. Idan ka yi wasa da abin da ya shafi jikinsa ko gidansu, ba zai iya maida maka ba, sai dai ya yi yaƙe alhali abin na cin ransa. Shi ya sa nake ganin ƙwallo ta fi komai dacewa, domin ba ta taɓa mutuncin kowa. Yaro ya tuna maka ci 7 da nema da Liverpool ta yi wa United a Maris na 2023, in ɗan Barcelona ne ka tuna masa 8 da 2 da Bayern Munich ta yi musu a 2020, aji ya kwashe da dariya, a wuce wurin. Na sha ganin yaron da ba ya buɗe baki a darasi, amma daga irin wannan musu ya saki jiki har ya fara yin tambaya a kan abin da bai gane ba.

Inda nake jin tsoro shi ne laƙabi, musamman na 'yan wasan barkwanci na Kannywood. Kai sau ɗaya za ka kira yaro Ibro don ya ba ka dariya, amma a bakin 'yan aji sunan zai bi shi har ya gama makaranta. A wata makaranta da na koyar, wani abokin aikina ya kwaikwayi in'inar wani ɗalibi da muryar wani ɗan fim. Aji ya yi dariya sosai, yaron kuwa bai sake ɗaga hannu ba har ƙarshen zango, kuma yana cikin masu ƙoƙari. Har yau abin na damuna. Lalura, launin fata, yagaggen takalmi, sana'ar uba, makin jarrabawa, da gurɓatacciyar Hausar yaron da ba Bahaushe ba, duk ka bar su ko da 'yan aji ne suka fara.

Ɗalibai mata kuma, kada baitin waƙar soyayya ya shiga tsakaninku ko da wasa. Wasan ya tsaya a aji a gaban kowa, ban da WhatsApp da daddare. Ka tuna akwai waya a aljihun yaran nan, abin da ka faɗa cikin raha yana iya fita a TikTok an yanke farkonsa da ƙarshensa.

Gane ko raini ya shigo ba wuya. Idan ka ce "to ya isa, a buɗe littafi", suna yin shiru? In suna yi, kana nan da girmanka. Babban mai tsokanarka kuma idan bai kawo aikin gida ba, ka ba shi makin da ya cancanta kamar kowa. Kai ma akwai naka nauyin: ranar da ka shigo da ɓacin rai, kada ka hukunta yaro a kan maganar da jiya ka yi wa dariya. Ka ce musu yau ba wasa, za su fahimta.

Shi kuma babban malamin, ka yi masa godiya, ka roƙe shi ya zauna a bayan ajinka wata Litinin ya ga yadda darasin ke tafiya, sannan ka saurari abin da zai ce. Allah ya taimaka.