Ku Tambayi Injiniya: Me ake dubawa a direban loda manhajar suwic?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki. An ba ni aikin duba direban (ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani ɓangare na na'ura) da ke loda wa suwic ɗin sadarwa manhajarsa tun a U-Boot, wato manhajar da ke tayar da na'urar kafin Linux ya tashi. Layukan ba su da yawa, kuma na'urar tana aiki. Me kuma ya rage in duba?
Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin da na'urar ke yi a kan teburinka bai isa hujja ba. Abin da nake fara tambaya shi ne: idan lodin ya lalace, wa zai sani?

Ka nemi direban VSC7385 da injiniyoyin Freescale suka shigar cikin U-Boot a 2008, ka karanta shi. Suwic ne na kamfanin Vitesse mai kafa biyar, kuma a cikinsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa nau'in 8051 wadda a allunan Freescale ba ta komai sai an zuba mata manhaja duk lokacin da aka kunna wuta. Direban yana mayar da guntun suwic ɗin matsayinsa na farko (reset), ya ɗan jira, ya rubuta manhajar bayit bayan bayit, sannan ya koma ya karanto abin da ya rubuta ya gwada da na asali. Sai sun yi daidai yake sakin ƙwaƙwalwar ta fara aiki. Wannan komawar ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Direban da ya tsallake ta zai bar ka da allon da ya tashi lafiya amma kafafun sadarwa a mace, kuma ba saƙon kuskure ko ɗaya. Mai gyara zai ɓata yini yana zargin waya.

Sai yadda ake taɓa rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin da ake ba guntun umarni ta cikinsu. Allunan Freescale masu ɗauke da wannan suwic suna da ƙwaƙwalwa nau'in PowerPC, shi ya sa direban ke amfani da in_be32 da out_be32, waɗanda ke kiyaye jerin bayit da tsarin aukuwar rubutu. Idan ka ga an rubuta kai tsaye ta manuni (pointer) ba ta waɗannan biyun ba, ka mayar wa marubucin.

Kowane udelay, wato umarnin ɗan jira, ka tambayi dalilinsa: daga takardar bayanan guntun aka ɗauko adadin, ko kuwa gwaji ne ya ci sa'a? Madaukin da ke jiran guntu ya amsa kuma dole ya kasance da iyakar lokaci, in ba haka ba suwic ɗaya da ya mutu zai hana duka na'urar tashi.

Adireshin manhajar a filashi da girmanta su zauna a saitin kowane allo, ba cikin direba ba. Ita manhajar Vitesse mallakar kamfani ce, U-Boot kuwa yana ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja na GPL, don haka daban ake ajiye ta. Ka goge wurin nan a filashi da gangan, ka kunna na'urar, ka ga ko direban zai lura ko zai loda fanko ya ce ya gama.