Kada ka tsallaka teku ba ka riƙe sunan ƙauyen ba

Ɗana, ka tambaye ni kan aikin matar nan ta Shikago da ke son ka gano mata asalin zuriyarta. Dangi sun ce kakan mahaifinta ɗan Poland ne, takardar mutuwarsa kuma ta ce Rasha. Ka zuba sunan gidansu a Geneteka, shafin intanet na neman sunaye a tsofaffin rajistocin Poland, masu sunan suka fito birjik, kana son sanin wanda za ka ɗauka. Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna.

Dangi ba su yi ƙarya ba, takardar ma haka. Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Poland a taswira, domin Rasha da Furushiya da Ostiriya sun raba ta. Kalmar Rasha da ta dame ka alheri ce gare ka, ta nuna maka ɓangaren da ya fito. Amma ɓangare bai isa ba. A can, a wancan zamani, coci-coci ake ajiye rajistar baftisma da aure da mutuwa, kuma ba za ka san cocin ba sai ka san ƙauyen.

Sunan ƙauyen yana Amurka, can za ka tona. Fara da takardar zama ɗan ƙasa: in an yi ta bayan Satumbar 1906, akwai garin haihuwa a ciki. Sai jerin fasinjojin jirgin ruwa. Daga 1907 ana rubuta suna da adireshin ɗan'uwan da mutum ya bari a gida, kuma bayanin ya kan bazu a shafi biyu. Almajirai da yawa na karanta na farko su rufe, garin haihuwar kuwa yana na biyun. In ta tashar Hamburg ta Jamus ya taso, jerinsu na 1850 zuwa 1934 yana nan. Na tashar Bremen yawanci an lalata su. Ni dai na fi amincewa da littafin aure na cocin 'yan Poland da ke unguwarsu, saboda limamin yana jin harshensu, ya kan rubuta ƙauyen daidai.

In shi ya ƙi samuwa, bi ƙaninsa, ko wanda ya tsaya wa ɗansa a baftisma. Mutanen nan ayari suke zuwa, ɗan ƙauye ya jawo ɗan ƙauye.

Za a ce maka an canza masa suna a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga Amurka a wancan zamani. Kada ka bi wannan. Tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin. Mutane da kansu suka sauya daga baya, Stanisław ya koma Stanley, Wojciech ya koma Albert. Matarsa kuma ka neme ta da -ska a ƙarshen sunan gida inda shi yake da -ski.

Ko ka sami ƙauyen, akwai sauran aiki. Ƙauyuka masu suna Nowa Wieś ko Dąbrowa suna da yawa ƙwarai, sai ka haɗa da sunan gunduma. Tun da ɓangaren Rasha ne, rajistar daga 1868 da Rashanci take, da haruffansu, sau da yawa da kwanan wata biyu, na tsohuwar kalandar Rasha da na kalandar Turawa da muka sani, tsakaninsu kwana 12 a ƙarni na 19. Hotunan littattafan da dama suna Szukaj w Archiwach, shafin intanet na ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar Poland. Kada ka miƙa wa matar nan suna sai sunayen iyayensa biyu sun dace da na takardar aurensa ta Shikago, har da sunan gidan su mahaifiyarsa. Gobe ka nemo min takardar auren nan, mu karanta tare.