Tambaya da Amsa: Wai Turanci ya fi Larabci da Faransanci wahala ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗalibi ne daga Funtuwa, na zana WAEC har sau biyu kuma duk Turanci ne yake kayar da ni, alhali a Islamiyya na sauke Alƙur'ani kuma in na ɗauki ƙaramin littafin Larabci ina ganewa daidai gwargwado. Yayana da yake harkar kasuwanci a Maraɗi yace shi a ganinsa ko Faransanci bai kai Turanci rikici ba. Don Allah Malam Turanci ne yaren da ya fi kowanne wahala a duniya, ko dai ƙwaƙwalwata ce bata ja?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, wanda ya sauke Alƙur'ani yake buɗe littafin Larabci yana fahimta ba za a ce masa baya ja ba, ka cire wannan a ranka tun yanzu.

Turanci ba shi ne ya fi kowane yare wahala ba, kuma gaskiya wahalar yare ta danganta ne da yaren da mutum ya tashi da shi a bakinsa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da makarantar da take koya wa jami'an diflomasiyyarta harsuna, kuma sun yi lissafin tsawon lokacin da mai jin Turanci yake buƙata kafin ya iya aiki da wani yare. Faransanci da Sifaniyanci makonni 24 zuwa 30 ne, Hausarmu makonni 44, Larabci kuwa da Sinanci da Japananci da yaren Koriya makonni 88. Kaga kenan Larabcin nan da kake ganin ya zo maka da sauƙi, su a wurinsu yana sahun gaba a wahala. Kai kuwa tun kana goye kake jinsa a kiran sallah da karatun allo, sannan Hausa cike take da kalmominsa, littafi da alƙalami da hukunci da sa'a har sunayen ranaku daga Lahadi zuwa Asabar, ga shi mu ma muna raba namiji da mace a magana kamar yadda Balarabe yake yi. Haka ɗan Holan ko Bajamushe yake samun Turanci da sauƙi saboda yarukan nasu 'yan gida ɗaya ne.

In ma nahawu za a bi, Turanci yana da rangwame sosai. Jam'i a wurinsu yawanci harafi ɗaya ake liƙawa a ƙarshen kalma shikenan, mu kuwa gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, jirgi jirage, mace mata, baƙo dole sai ya haddace kowanne da kansa, ga karin sauti da tsawon wasali da ba ma rubutawa amma da ka kauce ma'ana ta canja. Siffa a Turanci bata canjawa, mu muna cewa farin doki, farar akuya, fararen awaki. Faransancin da yayanka yake yabo kuwa kowane suna sai ka san namiji ne ko mace ko da tebur ne ko kujera, kuma fi'ili ɗaya yana da siffofi masu yawan gaske da ake haddacewa. Larabci ai ba sai na faɗa maka ba, ka san sarfu da sigogi 14 na fi'ili, ga musanna, wato sigar abu biyu, ga i'irabi mai canja ƙarshen kalma, rufu'a da nasaba da jarra. Turanci bai da yawancin waɗannan.

Inda yayanka yake da gaskiya shi ne rubutu da furuci, nan kam Turanci rikitacce ne kuma ba laifin ɗalibi bane. Haruffansu 26 ne amma sautukan da suke furtawa sun kai 44, wasula kaɗai sun kusa 20, mu kuma namu biyar ne gajeru da dogaye sai ai da au. Dalilin rikicin tarihi ne. A 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon ƙarnuka, dubban kalmomi suka shigo da irin rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila, rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma a daidai wannan zamanin, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, bakin mutanen yana ta canja yadda yake furta dogayen wasula. Sai rubutu ya tsaya a baya furuci ya wuce gaba. Shi ya sa zaka ga k a farkon knife da knee ba a faɗarta, alhali a da can ana faɗa. Shi ya sa though da through da tough da cough duk ƙarshensu haruffa huɗu iri ɗaya ne amma kowacce da yadda ake karanta ta. Bokon Hausa kuwa, in ka cire karin sauti da tsawon wasali, abin da ka gani shi zaka karanta, Larabci ma in an sa masa wasali haka ne, Sifaniyanci da Turkanci ma kusan haka. Yaran Ingila su kansu sun fi yaran Italiya ko Finlan daɗewa kafin su iya karatun yarensu, to ina ga yaron Funtuwa.

Sai kuma abin da ya shafi bakin Bahaushe. Bamu da bambancin p da f yadda suke da shi, bamu da v, bamu da sautukan nan biyu da ake rubutawa th, kuma harshenmu baya son baƙaƙe su jeru babu wasali a tsakani, shi ya sa muka mayar da kalmominsu burodi da fursuna da sukurudireba. Wannan ba abin kunya bane, kowace al'umma tana da inda harshenta yake turjewa. Akwai ma inda muka fi wasu, Yarbanci da Ibo basu raba shi da ita a wakilin suna, don haka masu koyo a cikinsu sukan cakuɗa he da she, Bahaushe kuwa da wuya ya yi wannan.

Amma ƙanena abin da ya fi damuna ba yaren bane, yadda ake koyar da shi ne a yawancin makarantunmu na gwamnati. Ka shiga aji yara sun fi ƙarfin bencina wasu a ƙasa, malami ya cika allo da ma'anar suna da ma'anar fi'ili, yara su kwafa su haddace, a tashi babu yaro ɗaya da ya buɗe baki ya haɗa jimla. Takardar furuci ta WAEC ma a allo ake koyar da ita, a zana alamomin sauti yaro bai taɓa jin yadda suke fita daga baki ba, kamar a koya wa mutum tuƙin mota da alli. In kuma wani yaro ya yi ƙarfin hali ya gwada magana ya kwafsa, sai aji ya ɗauki dariya har a laƙa masa suna da kuskuren, daga ranar ya kulle bakinsa. Wallahi wannan dariyar tana ci min rai, ta hana mutane da yawa masu basira. Ka duba ɗan kasuwar Ibo da yake sauka Sabon Gari a Kano babu Hausa ko kalma ɗaya, kafin wani lokaci yana ciniki yana barkwanci da ita, babu littafi babu malami, saboda kullum yana ji yana faɗa kuma babu wanda yake masa dariya in ya ce yarinya ya zo, sai ma a yaba masa.

Don jarrabawar da ke gabanka ga abin da nake so ka yi. Kullum ka karanta shafi biyu ko uku na labari mai sauƙi ko jarida da ƙarfi, kunnenka yana jin bakinka. Ka riƙa sauraron labarai na Turanci a rediyo bayan ka ji na Hausa, tunda ka riga ka san labarin zaka kama kalmomin da wuri. Duk sabuwar kalma ka koye ta da sautinta da kuma jimlar da ta zo a ciki, ƙamus na waya yana furtawa, kar ka yarda da yadda idonka ya gaya maka. Insha'in WAEC kalmomi 450 ake nema, to duk sati ka rubuta wasiƙa ko insha'i ɗaya cikakke ka kai wa malamin da zai zauna ya gyara maka da jan biro, sannan ka sake rubutawa. Ɓangaren taƙaitawa yana cinye maki da yawa saboda ɗalibai suna kwafo jimlolin yadda suke, ka saba faɗin abin da bakinka a gajeriyar jimla. Kuma ka samu aboki ɗaya ku yi alkawarin rabin awa kullum Turanci zalla, babu dariya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Damagaram, da Faransanci na yi karatuna, yanzu ina son koyon Turanci amma shekaruna sun haura 35. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Malama barka kadai, zai yiwu sosai, ke ma kin fi mai tambayar farko samun gajeriyar hanya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Turanci daga Faransanci suka fito, wani kaso mai kama da haka kuma daga Latin, don haka kalmomin gwamnati da shari'a da kimiyya da yawa zaki gane su da gani. Nahawun kuma wanda ya sha haddar fi'ilan Faransanci zai ga na Turanci da sauƙi. Inda zaki yi hattara shi ne furuci, kalma ɗaya ce a takarda amma Turanci yana danna wata gaɓa da ƙarfi ya haɗiye sauran, kuma h da Faransanci yake yin shiru da ita Turanci yawanci yana faɗarta, wannan kam Hausarki zata taimake ki. Akwai kuma kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta bambanta, ki buɗe musu shafi daban a littafinki. Shekaru na iya hana harshe ya koma irin na ɗan Landan amma basa hana iya magana da karatu, kuma tunda a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, zai yi miki amfani a aikinki. Ki fara da littattafan firamare na Najeriya, 'yan kasuwar da ke zuwa Kano ko Daura zasu iya kawo miki, ki haɗa da sauraro a waya ko minti 20 ne bayan sallar isha'i.