Kantun gyaɗa da kwaka mai cakulan: me ya sa yake wargajewa, kuma yaya zai jure zafin Tawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai yara ƴan lakwal a garin Tawa. Na ga ana haɗa gyaɗa da kwaka (hatsin nan na Quaker oats da ake damawa, ba kwakwa ba) da cakulan a yanka sala-sala kamar kantu, sai na gwada don in riƙa sa wa yara a jaka, idan kuma ya yi kyau in fara saidawa. Amma ina sa wuƙa sai ya wargaje. Cakulan ɗin da na zuba a sama ya narke a hannun yara, wanda na ajiye a firigo kuma ya yi fari-fari kamar funfuna. Ina na kuskure, kuma wanda ya yi farin ana iya ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara kwantar miki da hankali kan farin nan. Idan ba shi da gashi-gashi kuma ba ya warin ruɓa, ba funfuna ba ce, a ci lafiya. Ko dai man da ke cikin cakulan ne ya narke ya taso sama ya sake daskarewa, abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke firigo ya ɗumama sannan ya koma sanyi, ko kuma raɓa ce ta kwanta masa lokacin da aka fito da shi cikin zafi, ta narkar da sukarin saman, da ta bushe ta bar farin gari. Kyan gani kawai ya ɓaci.

Sauran matsalolin biyu tushensu ɗaya: yawancin girke-girken da ake gani a intanet an tsara su ne don ƙasashen sanyi, inda firigo ke yin rabin aikin. Ke kuma kina bukatar abin da zai tsaya da ƙafarsa a jakar yaro daga safe zuwa lokacin shan iska, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. Saboda haka haɗin ne za a canza.

Kwaka da gyaɗa busassun abubuwa ne, ba sa kama juna da kansu. Kamar yashi suke wajen buga bulo, sai da siminti. Simintin a nan abu biyu ne a haɗe: markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai mai a jikinta, wato tigadige, da zuma ko sukarin da aka dafa. Ki lura, ban ce tunkuza ba. Tunkuza an riga an matse manta don ƙuli-ƙuli, idan kika sa ta abin zai ƙara bushewa ne. Kuma zuma ɗanya da aka tsiyaya kawai aka juya ba ta riƙe komai a zafi, sai an tafasa ta ruwan cikinta ya ragu. Ina kyautata zaton nan aka samu matsalarki, don nan ne mafi yawan mata ke tuntuɓe.

Ga awon da nake ba mata su fara da shi, da kofi ɗaya za a auna komai: kwaka kofi 2, soyayyar gyaɗa da aka ɓarza kofi 1, tigadige rabin kofi, zuma rabin kofi, garin koko (wanda ake yin cakulan da shi, ba kokon da ake damawa ba) babban cokali 3, gishiri ɗan kaɗan. Idan zuma ta yi tsada, kuma ga mai saidawa lallai za ta yi, a sa sukari kashi uku cikin huɗu na kofi da ruwa rubu'in kofi da ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami. Lemon nan ba don ɗanɗano ba ne, shi ke hana sukarin komawa tsaki-tsaki idan ya huce.

Ki fara gasa kwakar a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa kamar minti 5 zuwa 8, har ta ɗan yi ja ki ji ƙamshi ya tashi. Ɗanyar kwaka ɗanɗanon takarda gare ta, yara ba sa so. Sai ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku ki ɗan daka a turmi. Garin shi zai cike ramukan da ke tsakanin manyan ƙwayoyin. Gyaɗar ma kada a bar ta guda-guda, a ɓarza ta kowace ta rabu huɗu ko fiye, domin duk inda wuƙa ta ci karo da cikakkiyar gyaɗa nan salar ke tsagewa.

Yanzu dahuwar sukari, wadda ita ce zuciyar aikin, kuma a nan nake so ki tsaya ki natsu. Ki ɗora sukari da ruwa da lemo, ki juya har sukarin ya narke, daga nan ki daina juyawa, ki bar shi ya tafasa. Ki ajiye kofin ruwan sanyi a gefe. Da farko kumfar ƙanana ce mai saurin fashewa, can sai ta yi manya tana fashewa a hankali. Lokacin ne za ki ɗiga ɗan kaɗan cikin ruwan sanyin ki sa yatsa. Idan ya baje ya narke, da saura. Idan ya taru ya zama ɗan curi mai laushi da kike iya mulmulawa tsakanin yatsu biyu, ya yi, ki sauke nan take. Masu awon zafi suna samun wannan mataki wajen digiri 112 zuwa 116. Idan kika bari har ɗigon ya zama tauri yana karyewa kamar gilashi, kin kai wajen digiri 150, wato kantun da muka sani mai ƙaras-ƙaras. Shi ma abin ci ne, amma da kwaka a ciki yana wahalar da haƙorin yaro. Zuma kuwa tafasar minti ɗaya zuwa biyu ta ishe ta, kuma gwajin ruwan sanyin yana aiki a kanta.

Da kin sauke, ki zuba tigadige da garin koko da gishiri ki juya su zama abu ɗaya mai sheƙi, sannan ki juye kwaka da gyaɗa ki gauraya da sauri har ba sauran wuri busasshe. Ki shafa wa tire mai, ki zuba, ki danna. Ba shafawa da bayan cokali nake nufi ba. Ki samu gindin kwano ko kwalba ki shafa masa mai ki danna da ƙarfinki, lungu-lungu, har kaurin ya dawo kamar faɗin yatsa. Sukarin da ya tafasa yana ƙona fata fiye da ruwan zafi saboda yana mannewa, don haka kada hannu ya taɓa, yara kuma su yi nisa da murhu. Ki tsaga layukan yanka da wuƙa mai mai tun yana da ɗumi, ki bar shi ya huce sarai kamar awa biyu kafin ki raba.

Kin ga na sa koko a cikin haɗin, ban ce a zuba cakulan a sama ba. Man koko yana narkewa wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma ba zai kai labari a jakar ɗan lakwal da bazara ba. Garin koko an cire masa mafi yawan man, yana ba da launi da ɗanɗano ba tare da ɓata hannu da littafi ba. Ga kuma sauƙin kuɗi: tun da farashin koko ya haura dala 10,000 ta Amurka kan kowane tan a 2024, bayan amfanin gona ya yi ƙaranci a Kodebuwa da Gana da ke noma fiye da rabin kokon duniya, cakulan na gaske ya yi tsada ko'ina. Idan garin da ake shan shayi da shi kike da shi, irin su Milo, zai yi, sai dai ki ƙara yawansa ki rage sukari don akwai zaƙi a cikinsa.

Idan ranki na son na saman, ki bari sai da hunturu, Disamba da Janairu, ko don biki da za a ci nan take. Ki narkar da shi a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, kuma ko ɗigon ruwa kada ya shiga, don yana taɓa shi zai cure ya yi tauri. Wanda masu kek ke saye, da aka rubuta wa pâte à glacer, da man itatuwa aka yi shi maimakon man koko, ya fi saurin daskarewa kuma bai cika yin farin nan ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi duk wannan damuna, tunda yara za su ci kullum kuma kina shirin saidawa: ingancin gyaɗar. Gyaɗar da ta sha danshi a gona ko a buhu tana kamuwa da wata funfuna mai fitar da dafin da ake kira afalatoksin, wanda ke lahanta hanta idan ana cin sa a kai a kai, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da shi. Maganin shi ne tsinta. Ki baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, ki fidda duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi ko kore-kore, ko ƙwaro ya huda, kuma bayan suya da murza ki sake dubawa, don wata sai an cire jar fatar ake ganin tabon. Lalatacciyar da aka fidda a zubar, kada a kai markaɗe. Saboda wannan ne na fi son ki kai tsintacciyar gyaɗarki inji da kanki maimakon sayen tigadigen da ba ki san da wace aka yi ba. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko dafaffiya ce. Ƙananan yara kuma ɓarzajjiyar gyaɗa na iya sarƙe su, a yi musu nasu da markaɗaɗɗiya zalla. Yaron da leɓensa ya kumbura ko numfashinsa ya canza bayan cin gyaɗa, a garzaya da shi likita.

Kwaka ba a noma ta a Nijar, shigo da ita ake yi, kuma ita za ta cinye ribarki. Kina iya maye rabinta da gasasshen riɗi, ko ki daka dabino mai laushi ki sa a madadin rabin sukarin, shi ma yana riƙe haɗi sosai. Ajiya kuma ba ta bukatar firigo, domin ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa inda ruwa ya yi ƙaranci. Dalilin da ya sa ke nan abincin gyaɗa na ƙunshi da ake ba yara masu tamowa a asibitoci ke daɗewa ba tare da sanyi ba. Naki dai ki yi na mako ɗaya-ɗaya, a rufe cikin roba mai murfi a inuwa, saboda man gyaɗa yana canza wari idan ya daɗe a zafi. Da damina iska na ɗauke da danshi, sukari kuma yana jan sa, sai ki ƙara wa dahuwar kamar rabin minti ki kuma ɗaure kowace sala a ledarta da zarar ta huce.