Me ya sa 720,720 take rabuwa ba ragowa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, Maraɗi. Malaminmu na lissafi ya rubuta 720,720 a allo, ya sa muka raba ta da kowace lamba daga 1 zuwa 16, duk ta rabu ba ragowa. Mene ne sirrinta, kuma a wane rukuni take?

Amsa: Ɗana, sirrin yana cikin yadda aka rubuta ta. Duk lambar da aka maimaita alƙalumanta uku sau biyu, kamar 720 da 720, daidai take da waɗannan alƙaluman an ninka su sau 1,001, ita kuwa 1,001 ba komai ba ce face 7 sau 11 sau 13. Idan ka warware 720 za ka samu 16 sau 9 sau 5. Ke nan tubalan ginin 720,720 su ne 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5, 7, 11 da 13, wato lambobin tushe waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da kansu. Kowace lamba daga 1 zuwa 16 da waɗannan tubalan aka gina ta, kuma babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ta haɗa su duka. A 17 ne take cijewa, domin 5 ke raguwa.

Masu raba ta 240 ne cif. Ana samun adadin ne ta ƙara 1 a kan yawan maimaituwar kowane tubali sannan a ninka: 5 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2. Babu wata lamba ƙasa da ita mai masu rabawa da yawa haka, shi ya sa ta shiga rukunin lambobi masu yawan rabuwa, wanda masanin lissafin nan na Indiya, Ramanujan, ya yi nazarinsa a 1915. Har zuwa miliyan ɗaya ma ba wadda ta fi ta. Tana kuma cikin lambobi masu yalwa, saboda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta kai 2,529,072, fiye da ninkinta uku.

Sai dai a ganina malaminku ya bar muku wani abu da ɗan kasuwa zai riga ku ganewa. A ce ribar 'yan adashi ce, sefa 720,720. Mutum 16 za su samu 45,045 kowanne, mutum 13 kuma 55,440, lafiya lau. Amma idan mutum 15 ne, rabon kowa 48,048, alhali a Babbar Kasuwa ba a canjin da ya gaza dala ɗaya, wato sefa biyar. Da zarar ka mai da kuɗin dala 144,144, tubalin 5 ya fita, saboda haka mutum 5, ko 10, ko 15 ba za su raba su daidai a hannu ba, sai an bar dala huɗu ko tara a ƙasa.