An cinye mana burtali, wa za mu kai wa kuka?

Malam, ka ce wani manomi a ƙauyenku wajen Illela ta ƙasar Nijar ya shuka hatsi cikin burtali, shanu sun rasa hanyar rijiya, kana tambaya ko magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, zai raba gardamar.

Kada ku fara da can. Ku je wurin mai gari, shi ke shugabantar kwamitin ƙasa na ƙauye, wato COFOB, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993. Cikinsa akwai wakilan manoma da na makiyaya. Su taka wurin da ƙafarsu, a nuna tsohuwar iyaka, ko dutse ne ko kututturen gawo. In an sasanta, a rubuta takarda kowa ya dangwala yatsa. Nan mutanenmu ke sake, su ce ai dattawa sun shaida, damina biyu a mance.

In manomin ya ƙi ji, sai wurin sarki, daga nan kotu, kuma alƙali zai nemi takardar da ke nuna an gwada sulhu.

Ma'aikatar magajin gari na taimakawa wajen shata burtali, amma tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun kansiloli, kantoma za ku tarar. Ku hanzarta kafin hatsin ya fidda kai.